Mu San Dodon Koɗin da Ke Cikin Ruwanmu

'Yan'uwa manoma, a ƙarshen daminar nan mun bi ta wani kududdufi a hanyarmu ta zuwa Gwaram, muka tarar da yara sun tara manyan dodon koɗi a bakin ruwa suna farfasa su da dutse. Wani dattijo ne ya sa su, gama an faɗa masa dodon koɗi ne ke kawo tsargiya. Nufinsa mai kyau ne. Amma da muka juya ganyen bado guda da sanda, sai ga ƙananan dodon koɗi wajen goma manne a ƙarƙashinsa, ba wanda ya kula da su, yaran kuwa suna tsaye cikin ruwan har gwiwa. An kashe marar laifi, an bar mai laifin. Shi ya sa muke cewa kowace ƙungiyar gama kai ta manoma a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya kamata ta koya wa mutanenta rarrabe dodon koɗi, kamar yadda muke rarrabe irin gero da na maiwa.

Bari mu fara da manyan. Babban dodon koɗin fadama, wanda masana ke kira Pila, ƙulle yake, ya kai ƙwan kaza, wani ma ya fi. Ɗan'uwansa Lanistes bai kai shi ba. Alamar da ta haɗa su ita ce marufi. In ka taɓa shi sai ya shige ciki ya rufe bakinsa da wani abu mai tauri kamar murfin tukunya. Da wannan marufin yake binne kansa a laka ya yi rani, ruwa na sauka ya fito. Waɗannan masu marufi ba sa ɗauke da tsargiya a ƙasarmu.

Masu kawo cuta ƙanana ne, ba su da marufi, ƙwaryarsu kuma ba ta da kauri. Iri uku ne za mu riƙe. Na fari shi ne Bulinus, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa. In aka tsayar da shi tsininsa sama, bakinsa na kallonka, bakin yana wajen hagu. Shi ne mai tsargiyar fitsarin jini. Na biyu Biomphalaria, shimfiɗaɗɗe ne, a naɗe kamar gammo, faɗinsa kamar maɓallin riga. Shi ne mai tsargiyar hanji. Na uku Lymnaea, bakinsa mai faɗi ne yana wajen dama. Shi ba ruwansa da tsargiya, amma shi ke rainon tsutsar hanta da ke ramar da shanu da tumakinmu, har mahauci ya yar da hantar a ranar kasuwa. Ka'idar a taƙaice ita ce, a duba marufi tukuna, sa'an nan a duba girma.

Amma fa kada wani ya ce tun da ya ga manya a tafki, ruwan lafiyayye ne. Babba da ƙarami suna zama ruwa ɗaya.

Yadda cutar ke zagayawa ba boyayyen abu ba ne yanzu. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a jikin mutum a Alƙahira, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa sai ta bi ta cikin dodon koɗi. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, su shiga ƙaramin dodon koɗi. Bayan kamar wata guda sai 'ya'yan tsutsar su riƙa fitowa da yawa, ido ba ya ganinsu, galibi da tsakar rana, wato daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ruwan ba. In ba su sami mutum ba cikin kwana biyu sai su mutu. Ashe dodon koɗi ba ya ƙirƙiro cutar, mu ne muke kai masa, shi kuwa ya mayar mana da ita ninkin ba ninkin.

Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Jini ne yake zuba daga mafitsarar da ta ji rauni. Yaron yakan rame, ya kasa karatu, ya kasa riƙe fartanya. In aka bar ta shekara da shekaru takan ɓata ƙoda, takan kai ga ciwon daji na mafitsara. Mata masu wanki da masu dashen shinkafa ma tana kama su, tana kuwa taɓa al'aura da haihuwa, sai dai kunya ta hana su faɗa.

Wani zai ce, ai akwai magani, me ya kawo mu ga leƙen ganyen bado? Gaskiya ne akwai magani, sunansa praziquantel, yana aiki ƙwarai, ana raba shi kyauta ga 'yan makaranta, ana auna tsawon yaro a ba shi gwargwado, a sha bayan an ci abinci. Muna roƙon iyaye kada su hana 'ya'yansu. Wanda ya ga jini kuma ya je asibitin da ke kusa, ko babban asibitin tarayya na Birnin Kudu. Amma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Yaron da ya sha yau, ya koma kududdufin nan gobe, ya sake ɗauka. Noman rani yana ƙaruwa, ramukan tubali suna ƙaruwa a bayan kowane gari, tafkunan kiwon kifi ma haka. Duk inda muka tsayar da ruwa, mun gina wa ƙaramin dodon koɗi gida.

Wani kuma zai ce a zuba guba a huta. Tun 1933 wani likita a Sudan ya nuna 'ya'yan aduwa suna kashe dodon koɗi, aduwa kuwa ba ta yi mana wuya ba. Amma tana kashe kifi ma. Ƙungiyar da ta zuba aduwa ko maganin feshi a tafkin da ta sa tarwaɗa, ta yi asarar jarinta da hannunta. Kada a zuba kome a ruwan jama'a sai da shawarar ma'aikatan lafiya da yardar mai unguwa.

Akwai kuma gargaɗi na dabam. A birane ana sayar da akwatunan gilashi na kifin ado, a ƙasashe da yawa kuma akan sa wani babban dodon koɗi a ciki, wanda ake kira Pomacea, asalinsa Amurka ta Kudu. An kai wani irinsa Taiwan wajen 1980 don a yi kiwonsa a ci. Mutane ba su so namansa ba, aka watsar da shi, ya bazu zuwa Filifin da sauran ƙasashen Asiya yana cinye shinkafar da aka dasa tun tana ƙarama. A 2012 Tarayyar Turai ta hana shigo da shi. A 2020 aka same shi a gonakin shinkafar Mwea a Kenya, wato ya riga ya taka Afirka. Da ido yana kama da Pila namu, marufi ma yana da shi. Ƙwansa ne ke tona shi. Yakan manna su a dunƙule a jikin kara ko bango, sama da ruwa, launinsu ja-ja ne mai haske kamar na alawa. Na Pila farare ne. Wanda ya ga jan ƙwai irin wannan a fadamarsa ya murƙushe su, ya kai labari ga malamin gona ran nan. Kada kuma kowa ya kawo dodon koɗi daga wani wuri ya sake shi a ruwanmu, ko da an ce masa kiwonsa na kawo kuɗi. Fadamun kogin Bunga ba wurin gwaji ba ne.

To, me za mu yi? Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su zagaya ruwayen garin sau ɗaya a wata, da ludayi mai dogon hannu, ba da hannu tsirara ba. Su rubuta inda suka ga ƙananan. A cire bado da kainuwa da ciyayi daga mashigar da ake wanki da ɗiban ruwa, a yi aikin da manjagara daga gaɓa, a baza su can nesa su bushe. A cike ramukan tubalin da ba a bukata. A haƙa masai, a hana fitsari a ruwa. Ruwan wanka in na tafki ne a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu a randa, a tabbata ba dodon koɗi a ciki. Masu dashe su nemi takalmin roba. A shayar da dabbobi a kwami kusa da rijiya.

Don koyar da yara, malamin makaranta zai iya ajiye babban dodon koɗi ɗaya ko biyu a babbar kwalba mai faɗin baki. A zuba ruwan rijiya, a bar fili a sama gama yana hawowa ya shaƙi iska, a rufe da raga don kada ya fice. A ba shi ɗan ganyen latas ko alayyaho, a kwashe saura kafin ya ruɓe, a sa ɓawon ƙwai da aka daka don ƙwaryarsa ta yi ƙarfi, a sauya rabin ruwan kowane mako. Ƙananan kuwa ƙwaryarsu busasshiya kaɗai za a nuna. Yaron da ya ga marufi da idonsa ba zai manta ba.

Littafin Farawa ya nuna mana aikin da aka fara danƙa wa mutum shi ne kula da gona da raɗa wa halittu suna. Mu ma ba za mu iya kula da ruwan da ba mu san abin da ke cikinsa ba. Ruwan nan kuwa ba na ikkilisiya kaɗai ba ne, 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu Musulmi tafki ɗaya suke shiga. Shugabannin ƙungiya su je wurin dagaci da liman, zumuntar mata ta yi magana da matan unguwa, a sa rana ɗaya kafin ruwa ya janye. Sa'an nan ku aiko mana da labarin abin da kuka gani a ƙarƙashin ganyen bado na garinku.