Kafin A Ce Aljanu Ne, A Duba Ƙarƙashin Matashin Kai

Daga Sabo zuwa Shasha, daga Ojoo zuwa Moniya, kukan iyaye ɗaya ne: yaro ya canza. Ba ya cin abinci da mutane, ba ya tashi asuba, a Islamiyya gyangyaɗi, a gida faɗa. Yarinya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, in an yi mata magana sai kuka. Nan da nan sai mu yanke hukunci: an yi musu sammu, ko iska ce ta shafe su. Haba jama'a! Wa ya tsaya ya tambayi ƙarfe nawa yaran nan suke kwanciya?

Kowa ya san data ta fi araha da tsakar dare. Mu iyaye mun yi lilis a kasuwar tumatir ko a kara, mun kwanta, su kuwa sai lokacin garinsu ke wayewa: TikTok, hirar WhatsApp, wasan bindiga, cacar ƙwallo. Yaron da ya kwashe watanni ba ya samun barcin kirki, ko babu aljani dole hankalinsa ya gigice.

Wannan ba zancen teburin mai shayi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma a 2019 ta sa jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin jerin cututtuka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a waɗannan shafuka, haɗarin faɗawarsu cikin ƙunci da fargaba ninki biyu ne. Ostareliya kuwa a 2024 doka ta kafa, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi. Masu ƙera abin suna jan burki, mu muna saya wa ɗan shekara 12 don kada a ce gidanmu ne baya.

Za a ce, to ai waya ce kasuwa yanzu, da ita ake jin farashin albasa daga Sakkwato, da ita ake tura kuɗi, da ita ake gaida kaka a Katsina. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a jefa ta rijiya ba. Amma ko wuƙa kayan sana'a ce, mahauci bai taɓa barin ƙaramin yaro ya kwana da ita ba. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: uban da ke zaune a majalisa kansa a sunkuye kan waya, da uwar da tuwo ke ƙonewa tana kallon bidiyo, da wane baki za su tsawata?

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda muke yi in abin ya ci tura. Duka, gori, ko a kai yaro a ɗaure. Mun manta a Nuwamban 2019 'yan sanda sun fito da mutum 259 daga wani gidan mari a Ojoo, nan kusa da mu? Alhali a garin nan na Ibadan akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin UCH, kuma Jami'ar Ibadan na da cibiya sukutum kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. Daga wasu ƙasashen Afirka ake zuwa koyon aiki a can, mu da mota ɗaya za ta kai mu muna jin kunya, wai kada a ce akwai hauka a dangi, 'ya'ya mata su rasa miji. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita ba. In zazzaɓi ne ai duka biyun muke yi.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu, da limamai, da malaman Islamiyya, su ɗauki maganar nan a huɗuba da wuraren taro. A gida kuma a kafa doka: bayan isha'i kowace waya, har da ta maigida, a tara a ɗaki ɗaya sai da safe. Yaron da ya yi makonni cikin shiru, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a ce shagwaɓa ce. A zaunar da shi, a saurare shi, a kai shi asibiti a ranar.

Iyayenmu sun baro Arewa sun kafa mu a nan da sana'a da mutunci. Kada a ce a hannunmu 'ya'ya suka lalace muna barci. Allah ya shirya mana zuri'a.