SHARHI: Dattawan Malali sun saba da WhatsApp, amma shafin fansho na ba su wuya

An daɗe ana cewa tsofaffi ba su iya intanet ba. A Malali da ke Kaduna ta Arewa, unguwar da ta tara tsofaffin ma'aikatan gwamnati, wannan zance bai cika riƙe ruwa ba. Dattawa da dama na sauraron tafsiri a YouTube, suna bin labarai a Facebook, suna aika wa 'ya'ya da jikoki saƙon murya ta WhatsApp ba tare da neman taimakon kowa ba.

Matsalar tana farawa ne idan wayar ta zama ofishin gwamnati. A watan Afrilun 2023, hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta fara aiwatar da tsarin da ɗan fansho zai tabbatar ta intanet cewa yana raye: ya shigar da lambar fanshonsa da ta asusun bankinsa, sannan ya ɗauki hoton fuskarsa. Manufar tana da kyau, domin ta raba tsofaffi da dogon layin tantancewa da ya sha galabaitar da su. Sai dai umarnin a rubuce yake, da Turanci, cikin ƙananan haruffa da idon ɗan shekara 75 ke wahalar gani.

Bambancin a bayyane yake. Kuskure a WhatsApp abin dariya ne, kuskure a shafin fansho kuwa na iya taɓa abincin gida. Kuma dattijon da ya ga an rufe layuka bayan wa'adin haɗa NIN da layin waya na 14 ga Satumba, 2024 yana da hujjar yin ɗari-ɗari.

Don haka da yawa kan miƙa wayar ga jika ko mai shagon kwamfuta, tare da lambobin da bankuna ke gargaɗin kada a ba kowa. A lissafin hukuma an yi aikin ta intanet, alhali wani ne ya yi wa tsohon.

Abin da ya jawo su WhatsApp murya ce da Hausa. Hukumomin fansho na iya aron wannan: umarni da murya, cikin harshen da suke ji, da teburin taimako a sakatariyar ƙaramar hukuma inda jami'in da aka san sunansa zai karɓi lambobinsu.