Ingila ta gina asibiti cikin talauci, amma da kuɗin wa?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, muna zaune a majalisarmu a Aboabo ana shan shayi, sai hira ta gangaro kan katin inshorar lafiya. Wani ɗan ƙanena, wanda yayarsa ke aikin jinya a Ingila, ya ce da ni: "Kawu, ku daina yarda da zancen babu kuɗi. Turawan Ingila sun kafa asibitin kyauta a lokacin da ko burodi sai da kati ake saye." Gaskiya ya faɗa. Sai dai rabin labarin ne, kuma ɗaya rabin ya biyo ta nan Kumasi.

A watan Yulin 1945 jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta kayar da Winston Churchill a zaɓe. Ƙasar da suka karɓa ta ci yaƙi amma aljihunta wayam. Wata ɗaya bayan haka Amurka ta yanke tallafin kayan da take ba ta lokacin yaƙi, dole aka tura masanin tattalin arziki Keynes ya roƙo rancen dala biliyan 3.75. A 1946 aka soma raba burodi da kati, abin da ko lokacin Hitila ba a yi ba. Sanyin farkon 1947 ya tsayar da masana'antu saboda ƙarancin kwal. A Satumbar 1949 aka karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa 2.80. Duk cikin wannan hali gwamnatin ta mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun hukuma, sannan ranar 5 ga Yulin 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe tsarin NHS, inda talaka zai ga likita ba tare da ya biya ko kwabo a bakin ƙofa ba. Ni ban raina wannan aiki ba. Sun ɗora wa masu hali haraji mai nauyi, kuma kowa ya ɗanɗana ƙunci.

To amma babbar matsalarsu dala ce. Abinci da man fetur da injuna sai da dala, su kuma ba su da abin sayar wa Amurka da zai isa. Masu shi su ne ƙasashen da suke mulka: Malaya da robarta, mu kuma da koko. Amurkawa na sayen kokon Gold Coast da dala, dalar ta wuce asusun bai ɗaya a Landan, mu a rubuta mana fam a littafi. A 1947 aka kafa hukumar cinikin koko, kakar COCOBOD ta yau, ita kaɗai ke yanka farashi. Hujjarsu ita ce a tara wa manomi rara don ranar da kasuwa za ta faɗi. Abin da ya faru shi ne ana biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma akasarinta tana ajiye a Landan tana tallafa wa fam.

Kada wani ya ce wannan matsalar Asantawa masu gonaki ce kawai. Su wa ke sharar gona da fasa koko da dakon buhu? Da yawansu mutanen arewa ne da Mosawa da sauran baƙi, waɗanda masaukinsu zango ne. In manomi bai samu ba, lebura bai samu ba, mai tuwo da mai sayar da atamfa a zango su ma sun ji a jikinsu. Ga kayan kanti sun yi wuya sun yi tsada, domin abin da Ingila ke iya sarrafawa ta fi son ta kai inda za a biya ta da dala. Ga kuma umarnin sare itatuwan kokon da suka kamu da cutar kumburin reshe, wanda ya harzuƙa manoma.

Kakana yana cikin sojojin da aka kai Bama. Hausa ce ma harshen bariki a wancan zamani. Abin da ya riƙa maimaita mana har ya rasu shi ne, an yi musu alkawarin aiki da fansho mai kyau, suka dawo suka tarar kuɗin sallamar bai kai ko'ina ba. A ƙarshen Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsada. Ranar 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzoma ta ɓarke a Accra ta iso har Kumasi. Ku duba kwanan watan da kyau. Wata huɗu da 'yan kwanaki ne tsakanin harbin nan da buɗe NHS, kuma gwamnati ɗaya ce.

Don adalci, gwamnatin Attlee ba ta toshe kunne ba. Ta turo kwamitin Watson, aka yi na Coussey, aka yi zaɓen Fabrairun 1951 da ya fito da Nkrumah daga kurkukun James Fort. Jami'ar da ke Legon yanzu ma a 1948 aka kafa ta. Amma asibitin kyauta bai ƙetaro teku ba. Mu sai 2003, zamanin Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne halin da muke ciki. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, a Mayun 2023 asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3. Duk da haka kowace jam'iyya na rantsuwa ba za ta taɓa karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ba, kuma za ta gyara inshorar lafiya. Madalla, ina goyon baya, don yaran zango na cikin waɗanda suka fi amfana. Tambayata ita ce wa zai biya. Attlee yana da Malaya da Gold Coast. Mu ba mu da kowa a ƙetare, saboda haka hannu yakan koma aljihun wanda ba shi da bakin magana. Mun ga 'yan fansho tsaye da kwalaye a ƙofar ma'aikatar kuɗi a 2023 lokacin sauya takardun bashin cikin gida. Mun ga a 2024 farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan a kasuwar duniya, manomin nan bai ga ko rabinsa ba, har wasu suka koma fasa-ƙwauri zuwa Togo da Kodebuwa. Harajin inshorar lafiyar kansa a kan kayan saye yake, wato mai tura baro a Kejetia da mai babban kanti kaso ɗaya suke biya a kan abu ɗaya.

Ko a Ingilar ma kyautar ba ta daɗe cif ba. A Afrilun 1951, da kuɗin makamai na yaƙin Koriya suka matse kasafi, aka sa kuɗi kan tabarau da haƙoran roba, Bevan ya ajiye muƙaminsa cikin fushi.

Na faɗa wa yaron duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce: "To Kawu, ai har yanzu muna biya musu, tunda yayata a nan aka koyar da ita jinya." Ban samu abin ce masa ba, sai na miƙa masa kofin shayi. Da za a karanta kasafin kuɗi na gaba, mun yi da shi za mu zauna tare mu duba layi biyu: nawa aka saki na inshorar lafiya, nawa kuma aka yanka wa buhun koko.