Kafin a Cire Tamostat, a Fara Gwada Murfin Lagireto

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, ba a rasa ganin mota a gefen titi da bonet a buɗe, ruwa na tsiyaya daga ƙaramin tankin roba, direba kuma yana riƙe da ledojin fiya wata. In an ja ta zuwa gareji, hukuncin kusan ɗaya ne: a cire tamostat, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, in hakan bai yi ba a ce gasket ya ƙone. Wannan al'ada ta cinye injuna da kuɗin jama'a masu yawa, kuma lokaci ya yi da masu mota za su daina amincewa da ita ba tare da an yi gwaji ba.

Hanyar ruwan mota a rufe take, kuma da matsi take aiki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Celsius, alhali injunan zamani suna aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne murfin lagireto. Sifirin da ke cikinsa yana riƙe matsin da ya kai kusan ba 0.9 zuwa 1.1 a yawancin ƙananan motoci, kuma adadin a rubuce yake a saman murfin. Wannan matsin yana ɗaga zafin tafasa zuwa wajen digiri 120. In ruwa ya yi zafi ya kumbura, murfin zai saki kaɗan zuwa tankin roba, in inji ya huce kuma wani ƙaramin bawul ya maido shi. Idan sifirin ya yi laushi ko robar murfin ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri, tankin ya cika ya yi ambaliya, ko da inji lafiyarsa ƙalau. Ke nan kayan da ya fi kowanne araha na iya jawo alamar da ake buɗe inji saboda ita.

Abin da ya sa uzuri ya ƙare shi ne na'urorin gwaji sun yi sauƙi. Akwai famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto idan inji ya huce. Ana hura shi zuwa adadin da ke kan murfin, in allura tana sauka to akwai inda ke yoyo, ko tiyo, ko famfon ruwa, ko lagireton kansa. Da wannan famfon ake gwada murfin ma. Akwai kuma kwalbar gwajin hayaƙi mai shuɗin ruwa: idan iskar ƙonewa tana kutsawa cikin ruwan inji, launin zai koma rawaya a motar fetur. Sai an ga haka, ko an ga kumfa na ta tasowa, ko babban tiyo ya ƙage jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, sannan maganar gasket take da tushe.

Mai wayar Android ma yana da rawar takawa. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 suna da soket ɗin OBD2, galibi a ƙasan sitiyari, haka ma motocin fetur na Turai tun farkon shekarun 2000, kuma daga can yawancin tokumbo ke fitowa. Ƙaramar na'urar ELM327 da manhaja irin Torque za su nuna zafin ruwa da lambobi, a ga daidai digirin da fanka ke tashi, ko in ba ta tashi ma sam. Allurar dashbod ba ta da wannan dalla-dallar, domin a motoci da yawa tana zama a tsakiya har sai zafi ya yi nisa.

Bakanikai suna da hujjarsu: tamostat na ƙasashen sanyi ne, nan kuwa Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40. Gaskiya ne tamostat da ya maƙale a rufe yana dafa inji, kuma cire shi na iya kai matafiyi gida. Amma maganinsa a sa sabo. Injin da aka bari babu shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara masa fetur, kuma sau da yawa lambar P0128 ta bayyana. A tsadar man yanzu, wannan asara ce ta kullum. Mafi muni, ainihin matsalar tana nan a ɓoye tana girma.

Masu mota su ma suna da nasu laifin. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa da ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Ruwan sanyaya inji da kamfanin motar ya ƙayyade yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma ya fi jure zafi kafin ya tafasa. Buɗe murfi alhali inji na da zafi kuwa ganganci ne, domin ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Duk wanda motarsa ta fara zubar da ruwa yana da haƙƙin ya tambayi bakanike me aka gwada, kuma wane adadi aka gani. A fara da murfi, a bi da matsi, fanka da tamostat, gasket ya zo a ƙarshe. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba, wanda kuma ya ɗauko sifana kafin ya ɗauko ma'auni, gara a ja motar zuwa wani garejin.