Wakanda ba ta cikin taswira, amma gardamarta tamu ce

A shekarar 2018 kamfanin Marvel na Amurka ya fitar da fim ɗin Black Panther. Jarumin, marigayi Chadwick Boseman, baƙar fata ne, haka ma mai ba da umarni Ryan Coogler, kuma fim ɗin ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Masu cewa fim ɗin baƙaƙe ba ya kasuwa sai suka yi gum.

Mu dai ba kuɗin ne ya ja hankalinmu ba, Wakanda ce: ƙasar almara a Afirka wadda Bature bai taɓa mallaka ba. Tana da wani ƙarfe, vibranium, da 'ya'yanta ke sarrafawa da hannunsu, su yi magani, su ƙera jirgi. Shugabar masu bincike budurwa ce, Shuri, ƙanwar sarki. Dogarai ma mata ne. Yaron da ya saba ganin mai kama da shi a fim ɓarawo ne ko bawa, ranar nan a kan karaga ya gan shi.

Can Amurka abin bai tsaya a kallo ba. An yi karo-karo aka kai yaran talakawa sinima, wasu kuma suka tsaya a ƙofa suna yi wa masu kallo rajistar zaɓe.

To, ɗan Nijar da ya ji vibranium, ai dole ya tuna uranium ɗin Arlit. Tun 1971 ake haƙar shi, amma da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agustan 2023, Yamai ta sha duhu. Ƙauyuka da yawa ma ba su da wutar da za a katse. A fim ɗin, a fili ake gardama kan arzikin ƙasa: dattawa na son a ci gaba da ɓoye shi, Nakia ta ce a taimaki maƙwabta, Killmonger, wanda ya tashi maraya a Amurka, ya ce a raba wa baƙaƙe makamai. Irin wannan muhawara muke son ji a fadar samari in an ɗora shayi: arzikin nan na wa ne, wa ke lissafinsa?

Sai dai kar mu ruɗu. A Wakanda da faɗa ake cin sarauta, talaka ba ya jefa ƙuri'a, riba kuma Disney ta kwashe. Mu ma muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899. Med Hondo ya yi fim ɗinta a 1986. Yaranmu nawa suka taɓa ganin shi?