Sharhi: Manu Garba da Yaran Filayen Gabashin Sakkwato

 Sharhinmu na yau ya duba aikin koci Manu Garba, ɗan asalin jihar Gombe, da abin da tarihinsa ke nuna wa matasan Wurno, Rabah da Goronyo.

Manu Garba bai yi suna da horar da manyan taurari ba, yara ne sana'arsa. A 2007 yana mataimakin marigayi Yemi Tella lokacin da Golden Eaglets, 'yan ƙasa da shekara 17, suka ci kofin duniya a Koriya ta Kudu, bayan sun doke Sifaniya a bugun fanareti. Da ragama ta dawo hannunsa, sai ya tara yara daga sassan ƙasar nan, ya yi ta tankaɗe da rairaya, ya kafa sansani a Kalaba na tsawon watanni.

A 2013 aka ga amfanin wannan zama. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yaransa suka buɗe gasar kofin duniya da lallasa Meziko 6 da 1, suka rufe ta da sake doke Mezikon 3 da nema, ran 8 ga Nuwamba a Abu Dhabi. Ƙwallo 26 suka zura a wasa 7. Kyaftin ɗinsu Musa Muhammad, ɗan Kano, shi ya ci ta ƙarshe da bugun tazara, Kelechi Iheanacho kuma ya zama gwarzon gasar. A 2015 Manu ya ƙara da kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20 a Senegal.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A wannan shekarar Jamus ta fitar da shi a zagaye na biyu na kofin duniya, a 2019 kuma Holan ta yi masa haka a Brazil da ci 3 da 1. Kocin yara kowace gasa daga tushe yake farawa, domin waɗanda ya raina sun wuce shekarun.

To, ta wace hanya yaron Goronyo zai isa gaban irin wannan koci?

A Amurka an daɗe da share hanyar. Kocin jami'a, irin su Nick Saban da ya ci kofin ƙasa sau 7 a ƙwallonsu ta runguma kafin ya yi ritaya a 2024, makarantun sakandare yake bi yana zaɓen yara, kowane da takardunsa da tarihin wasanninsa.

A nan kuwa, je ka filin firamare bayan la'asar. Yara sun taso daga fadamar albasa da tafarnuwa, an kafa duwatsu biyu a madadin raga, wasu ƙafa ba takalmi, ana ta "ba ni nan, ba ni nan!" cikin ƙura. Mai horar da su sau da yawa malamin makaranta ne, da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo da usur. Ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa zuwa wasa wani gari ya zama abin fargaba.

Sannan ga batun shekaru. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da 17, kuma yaron da ba shi da takardar haihuwa ya fara da tangarɗa tun kafin ya taɓa ƙwallo.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo ba. A yi wa jarirai rajista, a raya gasar makarantu har zakarun su kara a filin wasa na Giginya da ke Sakkwato, a kuma tura malaman wasanni kwas ɗin horarwa, a gayyato masu farautar 'yan wasa ranar wasan ƙarshe.