Takalmin Malami a Gaba, Dubban Mutane a Baya

 Da fatan an fara bitar karatu tun yanzu, ba a bari sai jarrabawa tana gobe ba.

A hutun da ya wuce muna kallon fim ɗin Indiya a gida, sai aka nuna wani saurayi ya sunkuya ya taɓa ƙafar wani tsoho, sannan ya shafa hannun a goshinsa. Ƙanwata da ke aji biyu na babbar sakandare ta juyo ta ce, "Yaya, wannan tsohon wane ne nasa? Na ga ba babansa ba ne." Na ce mata gurunsa ne. Ta ce, "Mene ne guru?" Na yi 'yan kame-kame, don abin da na sani a lokacin bai wuce na fim ba. Da na koma makaranta na nemi littattafai na duba, kuma abin da na samo shi na kawo muku yau.

Guru kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen da aka rubuta manyan littattafan addinin Hindu da shi. Asalin ma'anarta "mai nauyi". Mabiya addinin suna kiran malamin da mutum ya miƙa wa ragamar tarbiyyarsa da wannan suna, kuma suna girmama shi kamar iyaye, wani lokacin ma fiye. Har rana suka ware masa a shekara, wadda suke kira Guru Purnima. In kana son ganin inda wannan girmamawa ta kai, sai ka leƙa jihar Maharashtra da ke yammacin Indiya a farkon damina.

Duk shekara, tsakanin watan Yuni da Yuli, ɗaruruwan dubban mutane sukan kama hanya a ƙafa zuwa garin Pandharpur, inda wurin bautar Vitthal yake, wato abin bautar da suka fi riƙo da shi. Wannan ziyara sunanta Wari, masu yin ta kuma Warkari. Manyan ayari biyu sukan tashi daga garuruwan Alandi da Dehu, kusa da birnin Pune. Tafiyar kusan kilomita 250 ce, kamar mutum ya taka daga Kano zuwa Kaduna, kuma takan ci kusan mako uku. Burin kowa shi ne ya isa kafin ranar sha ɗaya ga watansu na Ashadha, ya yi wanka a kogin Chandrabhaga, ya shiga layi ya ga gunkin.

Mafi yawansu manoma ne da 'yan ƙauye. Maza sukan sa fararen kaya da farar hula, suna riƙe da tutoci ruwan goro, mata kuma wasu sukan ɗora tukunyar wani tsiro mai suna tulsi a kai. Sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace da sunan dindi, kuma kowace dindi ta san lambarta da gurbinta a cikin jerin. Tana da masu girki da motar da ke ɗaukar tantuna da hatsi. Ana tafe ana waƙa da kiɗa, ruwa na dukan su, rana na dukan su. Wanda ya ɗaura carbin tulsi a wuya ya yi alkawarin barin nama da giya.

To, me suke bi? Takalmi. A kan wani amalanke da aka ƙawata da azurfa, wanda bijimai ke ja, akwai takalman azurfa da ke wakiltar malaminsu. Ayarin Dehu na ɗauke da na Tukaram, mawaƙin da ya rayu a ƙarni na 17. Ayarin Alandi na ɗauke da na Dnyaneshwar. Sunan yana da wuyar faɗa, amma su mabiyansa Mauli suke ce masa, wato "uwa".

Labarin Mauli ya kamata ya ja hankalinku, don sa'anku ne lokacin da ya yi abin da ake tunawa da shi. An haife shi a 1275. A labarin da mabiyansa ke riƙe da shi, mahaifinsa ya bar gida ya shiga zuhudu, daga baya gurunsa ya umarce shi ya koma wa matarsa. Manyan malaman garin suka ce ya karya doka, suka ware shi da 'ya'yansa huɗu daga jama'a. Yaran suka tashi ana ƙyamar su. Gurun Mauli kuwa ba wani baƙo ba ne, yayansa ne Nivrutti. A 1290, yana da shekara kusan 15, ya yi sharhin littafin Bhagavad Gita. Littafin da Sanskirit yake, harshen da 'yan tsiraru kaɗai ke iya karantawa. Shi kuwa ya yi sharhinsa da Marathi, harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, cikin baitoci kusan 9,000. Manomi da mai wanki suka samu damar jin abin da a da sai dai a faɗa musu. Ya bar duniya a 1296 yana da shekara 21, amma har yau ana karanta sharhin.

Wannan buɗe ƙofa da ya yi ta bar alama a tafiyar. Cikin waɗanda Warkari ke ɗauka a matsayin waliyyansu akwai tela mai suna Namdev, da maginin tukwane mai suna Gora, da Janabai wadda 'yar aikin gida ce. A hanya kowa na kiran ɗan'uwansa Mauli, tsoho ya taɓa ƙafar yaro, mai kuɗi ya taɓa ta talaka. Sai dai kada mu ɗauka komai ya tafi daidai. Akwai Chokhamela, mawaƙi daga cikin mutanen da tsarin asali na Indiya ya mayar ƙasƙantattu, har ake ƙin taɓa su. Duk son da yake wa Vitthal, an hana shi shiga wurin bautar, kuma makwancinsa na nan a bakin ƙofa. Sai a watan Mayun 1947, bayan wani malamin makaranta mai suna Sane Guruji ya yi yajin cin abinci, aka amince a buɗe wa irin su Chokhamela ƙofar.

Wannan ƙauna da ke sa mutum ya taka kilomita 250 tana da ƙarfi, kuma duk abin da ke da ƙarfi yana iya kisa idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Ranar 2 ga Yulin 2024, a gundumar Hathras ta jihar Uttar Pradesh, wani mai wa'azi da ake kira Bhole Baba ya tara jama'a. 'Yan sanda sun ce izinin mutum 80,000 aka bayar, amma kusan 250,000 suka hallara. Da zai tafi, mutane suka yi rububin ɗibar ƙasar da ya bi ta kai don neman albarka. Aka yi turmutsutsu, mutum 121 suka mutu, mafi yawansu mata.

Akwai kuma Asaram, guru mai miliyoyin mabiya, wanda kotu a birnin Jodhpur ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2018 saboda yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 16 fyaɗe. Iyayenta mabiyansa ne, su da kansu suka kai ta wurinsa a 2013 bayan an ce musu tana da aljanu. Abin da ya ceci gaskiya shi ne yarinyar ta buɗe baki ta faɗa wa iyayenta, su kuma suka yarda da 'yarsu, suka tafi wurin 'yan sanda duk da girman mutumin a idonsu.

Ƙannena, ba na kawo wannan labari don mu yi wa wasu dariya ba. Kowane ɗayanmu yana da wanda yake bi, a aji ne, a unguwa ne, ko a TikTok. Girmama malami wajibi ne, kuma wanda bai ƙasƙantar da kai ba ba zai koyi komai ba. Amma ku lura da bambancin mutanen nan. Mauli ya ɗauko ilimin da aka kulle ya zuba shi a harshen da kowa zai ji, yadda almajiri zai iya dubawa da kansa. Asaram kuwa ya samu damar cutar da yarinyar ne saboda an saba ba a tambayarsa.

Don haka duk wanda kuka ɗauka jagora, ku auna shi da abu uku. Idan kun yi tambaya, yana bayani ko yana fushi? Abin da yake koya muku, yana nuna muku inda ya samo shi? Yana son iyayenku su san abin da ke tsakaninku, ko cewa yake ku rufa? Duk babban da ya ce ki zo ke kaɗai, ko ka ɓoye wa na gida, ku faɗa wa iyaye a ranar, komai girman rawaninsa.

Da na mayar wa ƙanwata wannan bayani ta waya, sai ta ce, "Wato Yaya, ɗan shekara 15 ya rubuta baiti 9,000, ni kuma insha'i mai shafi ɗaya yake gagara ta?" Na ce ta fara da shafi ɗayan.

Ku rubuto mana ku faɗa mana malamin da ya taɓa sauƙaƙa muku wani darasi mai wuya, da yadda ya yi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.